Manhajar da ba ta da maroƙi

Park Hill unguwa ce da 'yan jarida ba sa takawa sai da dalili. Tana arewa maso gabashin tsibirin Staten Island, wanda shi ne mafi ƙarancin jama'a a gundumomi biyar na birnin New York. Jerin benaye ne na jan bulo a gefen titin Park Hill Avenue. Tun da yaƙin basasa ya ɓarke a Laberiya a ƙarshen 1989 mutanen ƙasar suka riƙa kwararowa nan, har aka wayi gari ana ce wa wurin Ƙaramar Laberiya. Akwai 'yan Najeriya da 'yan Gana da 'yan Saliyo, da tsirarun masu jin Hausa waɗanda yawancin danginsu suna can Bronx. In zafi ya shigo, mata kan baza tebura a waje suna sayar da manja da busasshen kifi da barkono da ganyen rogo. Shekara da shekaru wannan kasuwa tana ci, amma motocin gidajen talabijin ba dominta suke tsayawa ba. In an yi harbi suna zuwa. A 2014 ma sun zo da yawa, lokacin da cutar Ebola ke kisa a Monrobiya, suna miƙa wa mutane makirfo a baki.

Abu guda da ke da alaƙa da unguwar wanda jaridun duniya ba su gaji da shi ba shi ne wani faifan waƙa. Mawaƙan Wu-Tang Clan, waɗanda da yawansu a waɗannan benaye suka tashi, sun yi faifai suka buga kwafi ɗaya tak, suka sa shi a akwatin azurfa. A 2015 wani ɗan kasuwar magunguna mai suna Martin Shkreli ya saye shi dala miliyan 2, bisa sharaɗin ba za a sake shi kasuwa ba sai shekarar 2103. Da kotu ta same shi da laifin zamba, gwamnati ta ƙwace faifan, ta sayar a 2021. Kowane mataki sai da ya zama kanun labarai. Waƙar da 'yan tsiraru ƙwarai suka taɓa ji ta fi kasuwar manja samun shafi nesa ba kusa ba.

To a aljihun mai sayar da manjan nan, muddin wayarta Samsung ce ko Motorola ko Tecnon da ta zo da ita daga gida, akwai wani abu da ya saɓa wa faifan nan ta kowace fuska. An kwafe shi sau biliyoyi, ba wanda aka ce ya biya sisi, da shi take kiran 'yan uwanta, da shi take tura kuɗi gida, kuma in ka tambaye ta sunansa ba ta taɓa ji ba.

Kowace kwamfuta da kowace wayar zamani tana da babbar manhaja. Ita ce ke farkawa da zarar an kunna na'ura, ta raba wa sauran manhajoji wuri da lokaci, ta haɗa allo da madannai da batir da intanet. In ba ta nan, WhatsApp ba ya buɗewa. A kasuwa akwai na sayarwa: Windows na kamfanin Microsoft, da macOS da iOS na Apple. Asalin rubutunsu a kulle yake a hannun kamfani, kai lasisin amfani kawai ka saya, ko da ba ka tuna ranar da ka biya ba, domin an cusa kuɗin cikin farashin na'urar. Akwai kuma waɗanda aka sakar wa kowa, babbansu Linux, wanda a kansa aka ɗora Android. Tushen wannan tafiya wani haifaffen New York ne, Richard Stallman, wanda ya shelanta aikin GNU a 1983 da manufar cewa duk mai amfani da manhaja yana da haƙƙin ya duba cikinta, ya gyara, ya kuma ba maƙwabcinsa. Abin da ya rage wa aikin nasa shi ne zuciyar tsarin, ita kuma daga Finlan ta fito. Ranar 25 ga Agusta, 1991, wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ɗan shekara 21, Linus Torvalds, ya aika ɗan gajeren saƙo ga masu sha'awar harkar, yana cewa yana haɗa wani abu ne na nishaɗi kawai, ba zai zama wani babban abu ba. Iyakar bikin sunan ke nan.

Shekara huɗu bayan haka, saura kwana ɗaya, aka ga yadda ake yin biki in da kuɗi. Ranar 24 ga Agusta, 1995, Microsoft ya ƙaddamar da Windows 95. An haska dogon benen Empire State da launukan tambarin kamfanin. A Landan kamfanin ya saye bugun jaridar The Times na ranar gaba ɗaya, kwafi miliyan 1.5, aka raba kyauta. An biya mawaƙan Rolling Stones aka yi talla da waƙarsu. Jaridu sun ƙiyasta abin da aka kashe ya kai dala miliyan 300, kuma mutane sun yi layi a ƙofar shaguna da tsakar dare. New York ta ci gaba da zama dandalin. A nan aka ƙaddamar da Windows XP ranar 25 ga Oktoba, 2001, makonni shida bayan harin 11 ga Satumba, Bill Gates yana tsaye tare da magajin gari Rudy Giuliani, har taron ya zama kamar shelar cewa birnin ya miƙe. A nan kuma aka yi na Windows 8 a ƙarshen Oktoban 2012, allunan tallan Times Square suka cika da shi, kwanaki kaɗan kafin guguwar Sandy ta afka wa Staten Island ta kashe mutum fiye da 20. Daga Park Hill zuwa wuraren waɗannan shagulgula ba nisa: bas zuwa tashar St. George, sai jirgin fito na minti 25, wanda tun 1997 ba a biyan ko kwabo. Amma ko ba ka tsallaka ba, labarin zai same ka har falo.

Wanda ya taɓa zuwa biki a Kano ko Maraɗi ya san aikin maroƙi. Ba dole ne ƙarya yake yi ba, mutumin da yake wasawa yana iya zama na kirki ƙwarai. Sai dai sunan wanda ya yi liƙi ne ke tashi a lasifika, ita kuwa matar da ta dafa abincin da kowa ya ci ya ƙoshi tana can madafi, ba za a ji sunanta ba sai in gishiri ya zarce.

Ba ina nufin an sayi 'yan jarida ba ne. Da sayen su aka yi, da maganin ya zo da sauƙi. Edita yana buƙatar rana, da fuska, da adadi. Kamfani yana ba shi duka ukun a faranti: ga ranar ƙaddamarwa, ga shugaba zai hau dandamali, ga farashi, ga ofishin hulɗa da manema labarai da zai amsa waya, ga na'urar gwaji an aiko maka tun kafin ta fita. Mujallun kwamfuta na shekarun 1990 kuwa da tallan masu sayar da kwamfutocin Windows suke rayuwa, don haka ba sai an ce musu komai ba. Shi Linux sabon zubinsa kan fito duk bayan mako tara ko goma, yawanci ranar Lahadi, da ɗan saƙo daga Torvalds mai cike da sunayen gyare-gyare. Wa zai tura mai kyamara? Ranar da masu manhajar 'yanci suka so a ji su da ƙarfi, karo-karo suka yi. A watan Disamban 2004 dubban magoya bayan Firefox, manhajar shiga intanet, suka tara kuɗi suka sayi shafi biyu a New York Times, aka jera sunayensu da ƙananan baƙaƙe. Wato su ma sai da suka yi liƙi.

Sau ɗaya ne Linux kan samu shafi ba tare da biya ba, shi ne in an mayar da abin dambe. A watan Yunin 2001 shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya gaya wa jaridar Chicago Sun-Times cewa Linux ciwon daji ne, yana nufin lasisinsa da ke wajabta wa duk wanda ya gyara ya raba ya saki gyaran ga kowa. Maganar ta zaga duniya. A 2004 kamfanin ya fito da kamfe na kwatanta tsada, har hukumar kula da tallace-tallace ta Birtaniya ta yanke cewa ɗaya daga cikin tallan yana ɓad da mai karatu, domin an gwada Linux a kan wata ƙatuwar na'urar IBM mai tsada, Windows kuma a kan na'ura mai sauƙin kuɗi, sannan aka ɗora wa Linux laifin bambancin.

Najeriya ma ta taɓa zama fagen wannan dambe, ko da yake kaɗan ne a gida suka sani. A 2007 aka yi odar ƙananan kwamfutocin Classmate na kamfanin Intel guda 17,000 domin makarantu, ɗauke da Linux na wani kamfanin Faransa mai suna Mandriva. Ranar 31 ga Oktoba shugaban kamfanin, François Bancilhon, ya rubuta wa Ballmer buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kuka cewa an sanar da shi za a biya kuɗin Mandriva ɗin amma za a goge shi a sa Windows. Microsoft ya musanta yin wani abu da ya saɓa doka. Daga baya hukumar da ke biyan mafi yawan kuɗin ta ce Linux ɗin zai zauna. Kafafen labaran fasaha na Turai da Amurka sun yi ta yayata rikicin kamar wasan ƙarshe na kofin duniya. Abin da ya ba ni haushi a labarin shi ne inda ya tsaya. Da damben ya ƙare kowa ya naɗe tabarmarsa. Ko makarantun suna da wuta, ko an koya wa malamai, ko kwamfutocin sun kai shekara biyu suna aiki, wannan bai samu ko kashi ɗaya cikin goma na hayaniyar ba, alhali shi ne abin da ya shafi yaran.

Shi kansa damben yanzu tatsuniya ce. A 2014 sabon shugaban Microsoft, Satya Nadella, ya tsaya gaban allo da ke cewa kamfanin yana ƙaunar Linux, a 2016 kuma kamfanin ya shiga Gidauniyar Linux da kuɗinsa. Kiɗa ne ya canza. Fiye da rabin aikin da abokan ciniki ke yi a rumbunan kwamfutocin haya na Microsoft a kan Linux yake gudana. Tun Nuwamban 2017 kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya dukkansu Linux ne. Kasuwar hannun jari ta New York, wadda ke 'yan taku daga inda jirgin fito ke sauke mutanen Staten Island, ta daɗe da ɗora cinikinta a kansa. A 2019 kamfanin IBM, wanda hedikwatarsa ke Armonk a jihar New York, ya sayi Red Hat, mai sayar da hidimar Linux, a kan dala biliyan 34. Yawancin masu rubuta zuciyar Linux a yau ma'aikatan Intel ne da Google da Red Hat da ire-irensu, albashi ake biyan su. Hoton talaka mai gemu a ɗakin ƙasa yana kokawa da attajiri ya daɗe da tsufa, amma yana da daɗin bugawa.

Wuri ɗaya ne Linux bai ci ba: kwamfutar tebur da ta cinya, inda rabonsa yake wajen kashi 4 cikin 100. Kuma da yake ita ce kwamfutar da ɗan jarida ke gani a gabansa, da ita yake auna komai. Shi ya sa kusan duk shekara sai wani ya rubuta cewa bana ce shekarar Linux, wani kuma ya mayar masa da dariya. Ana cikin wannan musu, yaran Park Hill suna dawowa daga makaranta da Chromebook a jaka, wanda shi ma a kan Linux aka gina shi. A Satumban 2025 hukumomin birnin suka shelanta raba guda 350,000 ga ɗaliban makarantun gwamnati. Sai dai kada murna ta yi yawa. A Android da Chromebook zuciyar ce kawai ta kowa, ƙofar shiga da makullinta suna hannun Google, kuma wanda bai biya da dala ba yana biya da bayanansa. Wannan ma ba ya cika fitowa a labarin, domin ba ya shiga sahun attajiri da talaka.

Inda wannan rashin daidaiton labari yake taɓa aljihun mutum shi ne abin da ya faru ranar 14 ga Oktoba, 2025. A ranar Microsoft ya daina tura wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta. Windows 11 kuwa ba ya hawa sai kwamfuta tana da wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0 da kuma ƙwaƙwalwa ta baya-bayan nan, abin da ya bar mafi yawan waɗanda aka ƙera kafin 2018 a waje. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta kwamfutoci miliyan 240 na iya zama shara saboda haka. An ba da ƙarin wa'adin shekara ɗaya ga wanda ya biya dala 30 ko ya haɗa na'urarsa da asusun Microsoft, wato zuwa ranar 13 ga Oktoba, 2026. Labaran da suka isa ga talaka biyu ne: ka sayi sabuwa, ko ka biya ka jinkirta. Hanya ta uku tana nan, masu manhajar 'yanci har kamfe suka yi a kanta, amma sai wanda ya riga ya san inda ake neman irin wannan labari ne ya ji.

Na ga yadda abin yake a falon wani dattijo, Bahaushen zangon Kumasi, mai aikin gadi da dare. Kwamfutar cinya ce da 'yarsa ta bar masa da ta gama karatu. Murfinta ya ɗan tsage a gefe, harafin A ya goge, amma ba abin da ya same ta. Da ita yake sauraron tafsiri, da ita yake duba takardar albashi, da ita yake ganin jikokinsa. Ya kai ta wani shago an ce masa ta gama yayi, ya kawo kuɗi a ba shi sabuwa. Jefar da ita a kwandon shara ma ba zai yiwu ba, domin tun 2015 dokar jihar ta hana, kuma akwai tara. Ɗan abokinsa ne, wani saurayi mai karatun kwamfuta, ya ce a bari ya gani.

Filas ya ciro daga aljihu, ɗan ƙarami kamar ƙwayar dabino. Ya soka, ya kashe kwamfutar ya kunna, yana ta danna maɓalli ɗaya har wani baƙin allo ya fito, ya zaɓi filas ɗin. Ba a jima ba sai ga allo mai kore-kore, da maɓallin farawa a kusurwar hagu ta ƙasa, inda dattijon ya saba ganin nasa. Linux Mint ne, yana gudana daga filas, bai taɓa komai na cikin kwamfutar ba tukuna. Ya buɗe YouTube, ya nemo malamin da dattijon ke saurare, murya ta fito tas.

“Baba, ka ga lafiyarta ƙalau. In ka yarda sai in kwashe hotunanka in sa mata shi gaba ɗaya.”

“Nawa ne lasisin?”

“Babu, Baba. Kyauta ne.”

Dattijon ya gyara zama ya dube shi ta saman tabarau. “Kyauta a Amurka? To su me suke ci?”

Yaron ya fara bayanin kamfanoni masu sayar da hidima da masu ba da gudummawa, amma dattijon ya katse shi.

“Ɗana, araha ba ta ado. Bar wannan. In ta lalace, wa zan kama?”

“Ni za ka kira, Baba.”

“In ka yi aure ka koma New Jersey fa?”

Aka yi dariya, amma ni a ganina babu wanda ya yi tambaya mai nauyin wannan a duk muhawarar shekara talatin. Talla tana sa mutum ya san suna. Abin da ke sa ya zauna da manhaja shi ne sanin cewa in ta ƙi, akwai wanda zai ƙwanƙwasa wa ƙofa. Windows yana da wannan mutum a kowane bene, a kowane masallaci, a kowane layi na titin Beirut a Kano, a kowane lungu na kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Kuma yawancinsu ba da lasisin gaske suka koya ba. Ka kai kwamfuta a yi maka fomatin, a sa maka Windows da Office da CorelDRAW a kan kuɗin da bai kai na cefanen kwana biyu ba, ba wanda ya tambayi inda aka samo. Bill Gates ya fahimci wannan tun 1998, lokacin da ya gaya wa ɗalibai a Jami'ar Washington, yana magana a kan ƙasar Sin, cewa tunda dai satar za su yi, gara su saci nasu, in sun saba daga baya a san yadda za a karɓi kuɗin. Saboda haka a garuruwanmu hujjar cewa Linux kyauta ne ba ta taɓa yin tasiri ba, domin Windows ɗin ma kusan kyauta aka san shi. Ko lokacin da kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, yake aika faifan Ubuntu ta gidan waya kyauta zuwa ko'ina a duniya, har 2011, ɗaliban jami'o'inmu da dama sun karɓa sun gwada, amma da suka fita neman aiki a shagon buga takardu, CorelDRAW aka tambaye su, shi kuwa a lokacin babu shi a Linux.

Gaskiya dai banza ba ta kai zomo kasuwa. A falon nan firintar dattijon ta ƙi amsawa, sai da yaron ya shafe lokaci yana bincike kafin ta tura takarda. Takardar Word da aka buɗe da LibreOffice ta fito, amma layukan teburin cikinta sun ɗan goce. Wanda aikinsa ya rataya a kan Photoshop, ko kan wata manhajar ofis da aka yi domin Windows kaɗai, ba a yi masa adalci ba in aka ce ya koma haka kawai. Masu son Linux su ma suna da nasu laifin: wasunsu in ka yi tambaya sai su amsa maka kamar ka zage su. Amma mutumin da duk buƙatarsa ba ta wuce intanet da wasiƙa da kallon bidiyo ba, kuma irinsa ne suka fi yawa, ba shi da dalilin fitar da ɗaruruwan daloli.

Ita kuwa tambayar wa za a kama, abubuwa biyu da suka faru a 2024 sun nuna ba ta da amsa mai daɗi ta kowane ɓangare. Ranar 19 ga Yuli wani gyara mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutocin Windows miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft. An soke dubban jiragen sama, asibitoci da bankuna suka tsaya, wasu allunan Times Square ma suka mutu. Duk waɗannan masu lasisi ne da suka biya kuɗi masu yawa, amma fasinjan da ya kwana a filin jirgi bai samu wanda ya kama ba. Kafin nan, ranar 29 ga Maris, wani injiniya mai suna Andres Freund ya sanar da cewa ya gano an dasa ƙofar ɓoye a cikin xz, wata 'yar ƙaramar manhajar matse bayanai da kusan kowane Linux ke ɗauke da ita. Jinkirin rabin daƙiƙa ya lura da shi wajen shiga wata na'ura, ya bi diddigi. Sai aka gane cewa shekaru ana dogaro da mutum ɗaya ɗan sa-kai wajen kula da manhajar, ya gaji, wani mai ɓoyayyen suna ya yi kusan shekara biyu yana taya shi aiki har ya amince masa, sannan ya dasa abin da ya dasa. Da an makara, da manyan kwamfutocin duniya sun zama a buɗe. Kwanaki kaɗan bayan haka New York Times ta yi labarin. Shekarun da ɗan sa-kan ya yi yana aikin ba ko sisi kuwa, ba wanda ya rubuta layi ɗaya a kansu. Wani abin dariya kuma, shi Freund ɗin da ya ceci Linux ma'aikacin Microsoft ne. Buɗaɗɗen rubutu ne ya ba shi damar ganowa, rashin mai kula ne ya ba ɓarawon damar shiga, kuma duka biyun gaskiya ne a lokaci guda.

Dattijon dai ya yarda a sa masa, da sharaɗin a fara kwashe hotunan aikin hajjinsa a filas biyu. Da ya ga ta tashi da sauri fiye da da, sai ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar, wadda ya ajiye domin duron da zai aika Kumasi tare da shinkafa da takalma da man shafawa, ya ce ita ma a sa mata. Yaron ya sa, amma ya ce shi ya san ba za ta yi sati a can ba za a kai ta kasuwar Adum a goge a mayar mata da Windows na sata, tunda mai gyaran da ke can abin da ya iya ke nan. Dattijon ya ce wannan kuma tsakaninsu ne, shi dai a rubuta masa lambar sirrin tasa da manyan baƙaƙe, a kuma ƙara masa lambar wayar wani abokin karatun yaron, saboda maganar New Jersey.